QuickBooks Desktop a Hannun Dilolin Katsina: Yadda Take Yi Idan Aka Jibga Mata Aikin Ƙarshen Wata

QuickBooks Desktop manhajar lissafi ce ta kamfanin Intuit na Amurka. A Katsina za ka same ta a kwamfutocin diloli, gidajen mai, manyan kantunan magani da makarantun kuɗi, kafaɗa da kafaɗa da Sage 50, wadda akantoci har yau ke kira Peachtree, da Tally ta Indiya. A aikin yau da gobe ba ta da abin kushewa: a yanka inbois, a karɓi kuɗi, a fitar da rasit, a duba wanda ake bi bashi. Inda halinta ke fitowa shi ne ƙarshen wata, lokacin da akanta ya tattaro cinikin rassan Daura, Funtuwa da Malumfashi a Excel, layi dubu biyar ko goma, yana son ya zuba su gaba ɗaya kafin ranar 21 ga wata da ake miƙa bayanan harajin VAT. A nan ne allo ke yin fari, a rubuta Not Responding a sama, ko kuma ta fito da Unrecoverable Error ta rufe kanta.

Injin ajiyar bayanan da ke ƙarƙashinta, SQL Anywhere, wanda take amfani da shi tun fitowar 2006, ba rago ba ne. Yawancin faɗuwar da ake ɗora mata daga waje suke zuwa: bayanan da aka ba ta, wutar da kwamfutar ke ci, da hanyar da fayil ke bi tsakanin kwamfutoci. Laifinta na kanta shi ne ba ta faɗin abin da ke damunta. Lambobin da take rubutawa a ƙasan Unrecoverable Error ba sa nuna wa akanta komai, ga shi kayan binciken da take da su, masu kyau kuwa, an ɓoye su inda sai wanda ya sani zai kai. Wannan gazawa ce ta gaske, domin ita ke sa mutum ya goge manhaja ya sake ɗorawa sau da yawa alhali ciwon yana cikin fayil.

Kafin a taɓa komai, a buɗe fayil ɗin kamfani a danna F2. Shafin da zai fito yana nuna shekarar manhajar, girman fayil, yawan sunayen da ke ciki, da wani layi mai suna DB File Fragments, wato gida nawa fayil ɗin ya rarrabu a kan faifai. Idan lambar ta kai gommai masu yawa, nauyi ya fara. Sai a dubi sunaye. A Pro da Premier, wato ƙananan nau'o'in manhajar, kwastomomi da masu kawo kaya da ma'aikata da sauran sunaye, idan an haɗa su, ba sa wuce 14,500. Jerin kaya ma 14,500 ne iyakarsa. Dilan da ke buɗe sabon suna ga duk wanda ya sayi katan ɗaya zai cika wannan cikin 'yan shekaru, kuma ɓoye suna da Make Inactive ba ya rage lissafin. Magani shi ne a haɗe sunayen da aka maimaita, ta hanyar sauya wa ɗaya suna ya zama daidai da ɗayan, sannan masu sayen hannu da hannu a tara su a suna guda.

Gwaji biyu ne ke raba gardama cikin minti goma. A rufe fayil ɗin kamfani, a buɗe fayil ɗin misali da ke zuwa da manhajar, a ba shi aiki irin wanda ya kayar da ita. Idan shi ma ya faɗi, matsalar tana jikin manhajar ko Windows. Idan ya tsaya, a kwafo fayil ɗin kamfani daga sabar, wato kwamfutar da ke riƙe fayil ɗin don sauran, zuwa faifan kwamfutar da ake zaune a kanta, a buɗe kwafin a can. Ya yi aiki lafiya? To kebul ne, ko suwic, wato akwatin da ke haɗa kwamfutocin, ko sabar. Ya sake faɗuwa? Ciwon yana cikin fayil ko cikin bayanan da ake zubawa.

Bayanan Excel su suka fi kowa laifi, kuma wasu tarkunan namu ne na nan gida. Manhajar tana bin tsarin kwanan wata da aka saita a Windows. Idan kwamfutar ofis tana kan tsarin Amurka, wata kafin rana, ta reshe kuma tana kan namu, rana kafin wata, to 13/04 zai ƙi shiga tunda babu wata na 13, amma 05/04 zai shige shiru a matsayin 4 ga Mayu maimakon 5 ga Afrilu. Na biyun ya fi haɗari, don ba za a ga kuskure ba sai an zo cinikin wata bai yi daidai da banki ba. Haruffanmu masu ƙugiya ma ba ta san su ba: Ɗanladi ko Ƙanƙara kan koma alamar tambaya, haka alamar naira idan aka bar ta a jikin adadi. A rubuta sunaye da baƙaƙen boko na kan madannai, a bar adadi tsirara, ba waƙafi, ba alama. Sunan kwastoma ba ya wuce harafi 41, sunan kaya 31, lambar inbois 11. Ɗigo biyu na tsaye a cikin suna kuwa manhajar tana ɗaukarsa umarni ne na buɗe ƙaramin suna a ƙarƙashin babba, shi ya sa "Taki: NPK" ke haifar da abin da ba a nema ba. Sarari a ƙarshen suna yana mayar da mutum ɗaya mutum biyu. TRIM da CLEAN na Excel suna share wannan.

Hanyar shigarwa ma da bambanci. Fayil ɗin IIF tsohuwar hanya ce: kowace mu'amala tana farawa da layin TRNS, sai layukan SPL, ta ƙare da ENDTRNS, kuma dole jimillarsu ta zama sifiri. Tun fitowar 2019 manhajar na duba fayil ɗin ta nuna layin da ya ƙi, abin a yaba. Tsoffin fitowa kuwa sukan haɗiye abin da aka ba su, har su ƙirƙiri sabon asusu idan an kuskure harafi ɗaya a suna. A duka biyun babu komawa baya. Abin da ya shiga ya shiga. Batch Enter Transactions, da ke cikin Accountant, nau'in akantoci, da Enterprise, babban nau'in manhajar, ya fi aminci nesa ba kusa ba, domin kana liƙa layukan yana jan ja a kan duk sunan da bai sani ba tun kafin a adana. Rashin sa shi a Pro da Premier na gama-gari yana cikin abubuwan da suka fi rage mata maki a wajenmu.

Akwai wata matsala da ta fi shafar masu sito, kuma ita ce aka fi rashin ganewa. Pro da Premier suna ƙiyasta kuɗin kaya ne da matsakaicin farashin saye. Tsarin wanda ya fara shiga shi zai fara fita sai a Enterprise mai Advanced Inventory. Ma'ana, duk lokacin da aka shigar da takardar sayen kaya mai tsohon kwanan wata, sai manhajar ta sake lissafin farashin wannan kayan a kan kowane cinikin da ya biyo baya har zuwa yau. Kamar zaro buhu ne daga ƙasan jeri a sito, sai duk na sama sun motsa. Dila mai kaya iri ɗari uku da ya zuba takardun wata uku a lokaci ɗaya, ba bisa jerin kwanaki ba, ya sa ta maimaita wannan lissafi sau dubbai. Allon zai yi fari, amma ba mutuwa ta yi ba, aiki take. Wanda ya gaji da jira ya kashe ta da Task Manager a wannan hali, shi ne ya lalata fayil da hannunsa.

Abin yana ƙara muni idan kaya sun shiga ƙasa da sifiri. Haka na faruwa kullum a kasuwancinmu: tirelar siminti ko shinkafa ta iso, an sauke, an sayar, takardar mai kawo kaya ba ta zo ba sai bayan sati biyu. A manhaja an sayar da buhu 600 da ba a taɓa saye ba. QuickBooks, a Pro da Premier, ba ta hanawa, gargaɗi kawai take yi, sai ta ƙiyasta farashi da ka, ta zo ta gyara daga baya idan takardar ta shiga. Riba a rahoto kan fito ba daidai ba, kuma yawan irin wannan gyara sananniyar hanya ce ta lalacewar fayil. Ranar da kaya suka sauka a shigar da su da Receive Items, ko takarda ba ta iso ba. Idan za a zuba bayanai da yawa, a fara da saye, sannan sayarwa, sannan biyan kuɗi, kowanne a jere daga tsohon kwanan wata zuwa sabo. Rahoton Inventory Valuation Detail zai nuna inda adadi ya faɗa ƙasa da sifiri da ranar da ya faɗa.

Ga yadda ya kamata a gudanar da babban aikin. Kowa ya fita, a koma Single-user Mode, kuma a zauna a kan kwamfutar da fayil ɗin yake cikinta. A ɗauki kwafin ajiya ta Create Local Backup, a zaɓi Complete verification. Wannan zaɓi yana kuma rage fayil ɗin TLG, wanda ke rubuta duk abin da aka yi tun ajiyar baya, yakan kumbura har ya fi fayil ɗin kamfani girma. A rufe duk rahoton da ke buɗe, a shiga Preferences, sashen Reports and Graphs, a zaɓi Don't refresh, in ba haka ba kowane rahoto zai riƙa sake lissafin kansa bayan kowane inbois. Sai a raba aikin. Shawararmu a fara da layi 20 a duba sun sauka inda ya dace, sannan a riƙa zuba 300 zuwa 500, ana kwatanta jimillar kowane kashi da ta Excel, ana rubuta lambar inbois ta ƙarshe da ta shiga. Idan ta faɗi a kashi na bakwai, an san daga inda za a ɗora, kuma an san gurɓataccen layin yana cikin waɗannan 'yan ɗaruruwan. A raba kashin biyu, a sake raba rabin da ya ƙi, har a kama shi.

Batun wuta kuwa, a garin nan ba abin da za a wuce da sauri ba ne. Idan wuta ta ɗauke manhajar na tsakiyar rubutu, fayil na iya rasa daidaito, kuma ba lallai a gani a ranar ba. Mutane da yawa suna ganin tunda akwai inbata da sola an gama. Akwatin wutar kwamfutar tebur yana riƙe ta ne kimanin kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa bayan yankewa. Inbatar da ba a sa ta a yanayin UPS ba takan ɗauki fiye da haka kafin ta karɓa, sai kwamfuta ta mutu ta tashi, fitilun ofis ko ƙiftawa ba a lura sun yi ba. Juyawa zuwa janareta da hannu ya ma fi wannan daɗewa. Sabar tana buƙatar UPS nata, mai ƙarfin VA 1,500 ko kusa da haka, kuma, wannan shi aka fi mantawa, suwic ɗin da ya haɗa kwamfutocin shi ma ya hau UPS. Sabar a kunne, laftof ɗin kashiya a kunne, suwic ya mutu na daƙiƙa uku: haɗi ya yanke ana tsakiyar adanawa. Batir mai bolt 12 da ke cikin UPS ba ya son zafi, kuma zafin Afrilu da Mayu na Katsina, da kan haura digiri 40, yana cinye shi da wuri. A riƙa zare filogi ana gwadawa bayan an rufe manhaja. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, kwamfuta ta yi zafi ta rage gudu ko ta kashe kanta daidai lokacin aiki mai nauyi. A hure ta da bulowa kafin bazara ta shigo.

Windows yana rubuta shaidar duk wannan. A Event Viewer, sashen System, Kernel-Power mai lamba 41 na nufin kwamfutar ta mutu ba a kashe ta yadda ya dace ba, lamba 7 daga disk kuma faifai ne ya fara lalacewa, a sauya shi da SSD, wato faifai mai sauri marar juyawa, tun bai tafi da lissafin shekaru ba. A sashen Application, lamba 1000 tana faɗin sunan ɓangaren da ya kayar da manhajar. Idan lokacinta ya yi daidai da na lamba 41, a daina zargin QuickBooks.

Fayil ɗin kamfani ba ya son waifai, ba ya son zama a filashi, ba ya son jakar da OneDrive, Google Drive ko Dropbox ke kwafewa yana buɗe. Kebul ɗin Cat6 da suwic mai gudun gigabit sun wadatar, muddin tsawon kebul bai wuce mita 100 ba. Kwamfuta ɗaya tak za ta riƙe fayil. A sauran, idan menu na Utilities ya nuna Stop Hosting Multi-User Access, a danna shi. Kuskuren H202 yana nufin kwamfutar ma'aikaci ta kasa kaiwa ga sabar, galibi katangar tsaro ta Windows ce ta tare, kuma sake binciken jakar da Database Server Manager yakan buɗe hanya. A hana sabar yin barci, a cire alamar da ke ba Windows damar kashe katin sadarwa don tattalin wuta. Antibairos ma a ce masa ya ƙyale jakar fayil ɗin da QBDBMgrN.exe, ɓangaren manhajar da ke kula da fayil a sabar, don yakan riƙe fayil yana dubawa manhajar na jiran ta rubuta.

Idan ta riga ta faɗi, abu na farko kwafin jakar gaba ɗaya ne, da QBW, wato fayil ɗin kamfani, da TLG da ND, wato fayil ɗin bayanan haɗin kwamfutoci, zuwa wani faifai. Kada a goge TLG ko da wani ya ce ba shi da amfani. Da shi ake dawo da aikin da aka yi bayan ajiyar ƙarshe. Idan ana son a kawar da shi, a ƙara masa .old a ƙarshen suna. Daga nan File, Utilities, Verify Data. Ta ce akwai matsala, sai Rebuild Data, a kan kwamfutar da fayil yake, a kan UPS. Ana cikin Rebuild takan nuna Not Responding na tsawon lokaci, a ƙyale ta. Bayan ta gama a sake Verify. Idan sau biyu ko uku bai warke ba, maimaitawa ba zai ƙara komai ba: a danna F2, sannan F3, a buɗe QBWin.log, a sauka ƙasa a nemi layukan da ke da LVL_ERROR. Sau da yawa suna ba da irin mu'amalar, kwanan wata da adadi, sai a nemo ta a goge a sake shigarwa. A kwatanta jimillar Balance Sheet ta kafin gyara da ta bayansa. Akwai kuma jakar QuickBooksAutoDataRecovery da manhajar ke ajiye kwafi da kanta, sai dai ba ta yi wa fayil ɗin da ya haura gigabait 1.5. Wannan tanadi, tare da Tool Hub na kyauta mai ɗauke da File Doctor da Quick Fix my Program, su ne inda ta cancanci yabo sosai.

Fayil mai rarrabuwa da yawa yana samun sauƙi idan aka mayar da shi Portable Company File aka sake buɗe shi, domin hakan na sake jera shi. Condense Data kuwa a yi hattara da shi. Tun 2019 yana da zaɓin share tarihin gyare-gyare kawai, wanda ke rage girma ƙwarai, amma wannan tarihin shi ne abin da maigida zai duba ya ga wa ya sauya inbois da yaushe. A adana cikakken kwafi a gefe kafin a taɓa shi.

Idan faɗuwar ta zo ne wajen buga takardu da yawa ko mayar da su PDF, galibi fayil ɗin QBPrint.qbp ne ya lalace. A sauya masa suna, manhajar za ta yi sabo.

Wace fitowa ce a kan kwamfutar, wannan ma yana da nauyi. Har zuwa ta 2021 manhajar 32-bit ce, wadda ba za ta iya cin fiye da gigabait 4 na ram ba ko an sa mata 32, saboda haka ƙarin ram ba ya ceton tsohuwar fitowa daga babban aiki. Daga 2022 ta koma 64-bit, Intuit na neman aƙalla gigabait 8, tana ba da shawarar 16. Kowace fitowa shekara uku take samun kulawa. Ta 2021 an daina kula da ita bayan 31 ga Mayu, 2024. Sannan bayan 30 ga Satumba, 2024, kamfanin ya daina sayar da Pro Plus da Premier Plus ga sababbin masu rajista a Amurka, ya bar Enterprise, wadda kuɗinta na shekara da dala ake biya. Kwafin da aka fasa ake ɗorawa a shagunan gyara ba ya karɓar sabuntawa, wato gyare-gyaren da kamfanin ya yi wa irin waɗannan faɗuwa ba za su taɓa isa gare shi ba, ban da haƙƙin mai abu da ke kan wanda ya ɗora. Masu hulɗa da 'yan kasuwar Maraɗi ta Jibiya su sani cewa Multicurrency, da ake kunnawa don lissafin sefa, idan an kunna ba a iya kashe shi; a gwada shi a kwafi tukuna.

Sage 50 tana da abin da QuickBooks ba ta da shi: ana iya zaɓar a tara mu'amaloli a duba su kafin a tura su babban littafi, sai dai shekarun lissafi biyu kawai take bari a buɗe. TallyPrime, da ta maye gurbin Tally.ERP 9 a 2020, ba ta da nauyi a kan ƙaramar kwamfuta kuma tana ba da damar raba bayanai shekara-shekara, amma akanta da ya saba da linzami zai ɗan sha wuya kafin hannunsa ya faɗa da madannai.

Kanti ko makaranta mai ma'aikatan lissafi uku zuwa biyar, da sunaye ƙasa da 14,500, da ciniki da ake shigarwa kullum ba a bari ya taru, QuickBooks Desktop za ta riƙe su lafiya, muddin akwai SSD, kebul da UPS mai rai. Pro mutum 3 take ɗauka a lokaci ɗaya, Premier 5, Enterprise har 40. Dila mai rassa da dama, mai dubban layuka kowane wata da kayan da ke fita kafin takardarsu ta zo, kada ya tsaya a Pro ko Premier. Ko dai ya hau Enterprise da lasisinta, ko ya gwada Sage 50 da TallyPrime da bayanansa na wata guda cikakke kafin ya biya kuɗin kowacce.